Kurakuran da ake yi wajen gabatar da bincike a gaban malamai

Ɗalibin da aka ba minti 15 ya kare furojet ɗinsa yakan cinye rabin lokacin kafin ya iso ga abin da ya gano. Minti biyu sun tafi wajen gaishe da shugaban sashe da mai jarrabawa daga waje da sauran malamai ɗaya bayan ɗaya, biyar wajen tarihin matsalar da ayyukan magabata. Yana ji an ce saura minti uku, sai ya dinga tsallake silaid ɗin sakamako da gudu, alhali sakamakon aka zauna ji. Jimla ɗaya ta isa gaisuwa, babu farfesan da zai ƙullace ka a kan haka. Faɗi tambayar da bincikenka ya tasa a gaba tun a minti na farko, ka bar wa sakamako da fassararsa fiye da rabin lokacin. Silaid 12 zuwa 15 sun wadatar.

Kuskuren da ya fi wannan ɓarna shi ne binne muhimmiyar magana a cikin tarin rubutu. Ranar 16 ga Janairun 2003, lokacin da kumbon Columbia na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke tashi, wani guntun soson da ke lulluɓe da tankin mai ya ɓalle ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana can sama, injiniyoyi suka yi wa shugabanni bayanin ɓarnar da silaid. Taken da ke kan ɗaya daga ciki ya nuna kamar babu abin tsoro, sai can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka sa alƙaluman da ke nuna cewa guntun ya ninka wanda aka yi gwaji da shi sau 640. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka rasu, kuma kwamitin binciken hatsarin ya kawo wannan silaid a rahotonsa. Naka binciken bai kai nan ba, amma gyaran ɗaya ne: kan kowane silaid ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin abin da aka gano. Maimakon "Sakamako na 2", rubuta "Masarar da aka sa wa kashin kaji ta fi wadda aka sa wa na shanu yabanya". Ko wanda hankalinsa ya tafi kan waya, da ya ɗago ya san inda aka kwana.

Sai masu kwafo teburin SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ɗungurungum su liƙa, layi 20 da lambobin da na kujerar gaba ma ba ya gani. Zaɓi layi uku ko huɗu da maganarka ta dogara a kansu, ko ka mayar da su zane. In manhajar ta ba ka p (ma'aunin yiwuwar samun irin wannan sakamako bisa dace kawai) = 0.000, rubuta p < 0.001, domin ba sifili ba ne. Kada kuma ka ce bambanci babba ne don kawai p ya gaza 0.05, faɗi girman bambancin da kilogiram ko kaso cikin ɗari. Kowane zane ya zo da ma'auninsa a gefe da ƙasa da yawan samfurin da aka auna, kuma ginshiƙai su faro daga sifili, in ba haka ba ɗan tazara kaɗan sai ya zama kamar tsauni. A guji haɗa ja da kore, akwai maza da dama da ba sa bambance su.

Juya wa jama'a ƙeya kana karanta allo shi ma ciwo ne. Sun riga ka gama karantawa, sai su zauna jiran ka. Haruffa kada su gaza girman 24, wannan kaɗai zai tilasta maka rage rubutu. Ka gwada jawabin da babbar murya, da agogo a gabanka, a gaban abokin da ba fanninku ɗaya ba.

Wuta kuwa ba ta da alƙawari. Ajiye kwafin PDF a filash, saboda PowerPoint kan hargitsa rubutu a kwamfutar da ba taka ba, ka kuma buga manyan zane-zanenka a takarda, kwafi ga kowane mai jarrabawa.

Lokacin tambayoyi, bari malam ya kai aya kafin ka buɗe baki. In abin da ya tambaya ba ka auna shi ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan ban auna shi ba, amma ga abin da alƙaluman da nake da su suka nuna." Mai jarrabawa ya karanta kundinka tun kafin ya shigo, in ka ƙirƙiro amsa zai ce ka buɗe shafin da take.