Yadda Ake Gane Ko Dokar Birni Tana da Ƙarfi a Amurka

Duk wanda ya buɗe shago, ko ya kama hayar gida, ko ya ɗauki ma'aikata a wani birnin Amurka, zai ci karo da dokokin majalisar birnin, kuma ya kamata ya san cewa ikon da ke bayansu na aro ne. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci birane ba ko kaɗan, saɓanin na Najeriya na 1999 da ya amince da ƙananan hukumomi a sashe na 7. Jiha ce ke kafa birni, ita ce kuma ke yanka masa iyaka, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1907 a shari'ar Hunter da birnin Pittsburgh.

Ka fara da neman rubutun dokar kanta, kada ka dogara da abin da maƙwabci ya faɗa maka. Ofishin magatakardan birni yana ajiye ta, kuma birane da yawa suna saka nasu a shafin intanet na Municode.

Daga nan sai ka bincika irin ikon da jiharku ta ba biranenta. Wasu jihohi, irin su Virginia, suna bin ƙa'idar alƙali John Dillon na Iowa ta 1868, wadda ta ce birni ba shi da iko sai wanda jiha ta ba shi a fili, ko wanda aikinsa ba zai yiwu ba sai da shi, kuma idan aka yi shakka, birni ne ke rasawa. Wasu kuwa sun bar birane su rubuta kundinsu su tafiyar da harkokin cikin gida, tsarin da Missouri ta fara a 1875.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci a ganina, domin a nan mutane suke yin asara. Ka duba ko jihar ta riga ta yi doka a kan wannan batu, sannan ka tambaya: abin da ta ɗora mafi ƙaranci ne da birni zai iya ƙarawa a kai, ko kuwa ta rufe ƙofar gaba ɗaya? Seattle ta amince da mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa a 2014, dokar ta zauna, saboda jihar Washington ba ta hana ba. Birmingham ta jihar Alabama ta amince da dala 10.10 a awa a 2015, amma a Fabrairun 2016 majalisar Alabama ta hana birane taɓa albashi, ƙarin ya mutu kafin ma'aikata su ci moriyarsa. Haka ma mazauna Denton a Texas suka kaɗa ƙuri'a a Nuwamban 2014 suka haramta haƙar gas ta hanyar fasa dutse da ruwa, jihar ta ƙwace wannan iko a Mayun 2015.

Idan ka ga dokar birni ta saɓa wa ta jiha, kada ka yi gaban kanka ka karya ta, domin jami'ai na iya ci gaba da cin tara har sai kotu ta soke ta ko majalisar birnin ta janye ta. Ka kai rubutun dokokin biyu wurin lauya, ko ka gabatar da ƙorafinka a zaman jin ra'ayin jama'a na majalisar birnin.