Yadda Ake Dawo da Murya Daga Hotonta

A kundayen binciken harsuna, irin waɗanda ɗalibai ke rubutawa a jami'o'in Marwa da Ngaundere a Kamaru, za ka ga shafi ɗauke da zane baƙi-baƙi, wato sifektirogiram, hoton murya. Idan zafi ya lalata kaset ɗin asali ko waya ta ɓace, wannan hoton kaɗai ya rage. Ana iya sa shi ya yi magana.

Fara da ɗaukar shafin a na'urar sikana, ka shimfiɗa shi sosai, ka ajiye shi a tsarin hoto na BMP. Kada ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya cinye ƙananan layuka. Kafin ka yanke rubutun gefe, rubuta lambobinsa a takarda: daƙiƙa nawa daga hagu zuwa dama, hertz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) nawa daga ƙasa zuwa sama. Manhajar Praat, wadda ake zana irin wannan hoto da ita, takan tsaya a hertz 5000.

Kada ka raina lambobin nan. A 1860 Bafaranshe Édouard-Léon Scott de Martinville ya zana muryar mai rera "Au clair de la lune" a takarda mai baƙin hayaƙin fitila. Da masu bincike a Amurka suka dawo da ita a 2008, sun kunna ta da sauri fiye da kima, aka ɗauka yarinya ce. Sai a 2009 aka rage saurin, muryar namiji ta bayyana.

Praat na nuna ƙarfin sauti da baƙi, manhajojin da ke mayar da hoto sauti kamar ARSS kuwa fari suke karantawa, don haka ka juya launin. Shigar da hoton a ARSS, ka ba ta lambobinka, ka fitar da sautin a WAV. Mai iya Python ya yi amfani da librosa, wadda ke da dabarar Griffin da Lim ta 1984. Hoton bai adana daga inda kowace igiyar sauti ta fara kaɗawa ba, dabarar takan yi ta ƙiyasi tana gyarawa har ya yi kusa.

Muryar za ta fito da ƙarar ƙarfe, wani lokaci kamar raɗa, karin sauti, wato hawa da saukar murya, ma yana iya ɓacewa. Saboda haka kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Kai wa dattijo mai jin harshen, Mafa ne ko Giziga ko Fulatanci, kada ka gaya masa abin da aka rubuta ƙarƙashin hoton, ka ce: "Baba, me ka ji?"