Yadda ƙungiyar ɗalibai mata za ta shirya ranar ba da jini a jami'ar Yamai

A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin zumunci na ɗalibai mata zalla da ake kira sororiti, masu sunaye da haruffan Girkanci, kowace da rassanta a jami'o'i da dama. Alpha Kappa Alpha, wadda Kamala Harris take ciki, ɗalibai baƙar fata ne suka kafa ta a jami'ar Howard ta birnin Washington a 1908. Abin da ya cancanci a ara daga wurinsu guda ne: ƙungiya takan riƙe aikin taimako ɗaya ta lizimce shi shekara da shekaru. Tri Delta tana tara wa asibitin yara na St. Jude kuɗi tun 1999, Zeta Tau Alpha kuma ta riƙe yaƙi da ciwon dajin mama. Tsadar kuɗin shiga da wahalar da sababbin shiga kuwa, a bar musu kayansu, don wahalarwar nan su ma jami'o'insu hana ta suke yi.

Mu da muka tashi cikin foyandi da asusu da gayya, ba sai an koya mana haɗuwa ba. Inda ƙungiyoyin ɗalibai ke tuntuɓe shi ne tarwatsa ƙarfi: wannan wata gidan marayu, wata mai zuwa sharar unguwa, da azumi rabon dabino, kafin shekara ta zagayo asusu ya bushe kuma babu aikin da aka san su da shi. Ga ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, ba da jini ya fi kowane aiki dacewa da aljihunsu. Ba ya cin kuɗi sosai, matasa masu lafiya suna nan cike da amfi, wato manyan ɗakunan darasi, kuma masu buƙatarsa su ne matan da jini ya ɓalle musu wajen haihuwa da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini.

Ku fara da mutum 15 zuwa 30. Idan kuka wuce haka tun farko, taro zai koma hira. A zaɓi shugaba, magatakarda, ma'aji, da mace guda wadda aikinta kawai shi ne hulɗa da cibiyar jini. Wannan ta ƙarshe a ɗauko ta daga fakulten kiwon lafiya in da hali, domin ta san yaren ma'aikatan. Maganar kuɗi kuma, ga dabarar da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka yi fice da ita tun da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara su a jihar Maraɗi a 1991: akwati mai kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban taro. Idan ta waya ake zubi, a karanta saƙon shiga da fitar kuɗi a kowane zama. Dala ɗari a wata ga kowace, mutum 30, jika 15 ke nan. Cikin wata huɗu an tara jika 60. Kada a tsananta wa wadda ta makara da zubi lokacin da kuɗin tallafin karatu bai fito ba, a rubuta mata bashi kawai.

Takardu ba su da yawa in cikin jami'a za ku tsaya: dokokin ƙungiya a shafi biyu, sunayen shugabanni, da wasiƙar neman izini ga shugaban fakulte. Sai ran da kuke son buɗe asusun banki ko karɓar tallafi daga waje za ku buƙaci rajista ƙarƙashin doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, wadda ta tsara ƙungiyoyi a Nijar.

Ku ba ku ɗibar jini. Wannan aikin Cibiyar Ƙarin Jini ta Ƙasa ne, CNTS, da ma'aikatanta da kayanta. Naku shi ne kawo mutane, wuri da abin taɓawa. A kai musu wasiƙa aƙalla mako uku kafin ranar, a je da ƙafa, a dawo da amsar tambayoyi uku: gadaje nawa za su kawo, ledar jini nawa za su iya ɗauka a yini, kuma wa zai ɗauki nauyin abin sha na masu bayarwa. Da adadin gadajen ake lissafi. In gado huɗu ne, kowane mutum ya ɗauki kamar minti 15 tsakanin kwanciya da tashi, mutum 16 ke nan a awa, wajen 60 daga ƙarfe 8 zuwa 12. Tara mutum 200 a kan gado huɗu gayyar fushi ce, fiye da rabi za su gaji da jira su koma darasi.

Zaɓen rana shi ne wurin da ake yawan kuskure. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 35 zuwa 42 a firij, a sanyin digiri 2 zuwa 6. Saboda haka jinin da aka bayar ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, ya ƙare kafin zazzaɓin cizon sauro ya kai ƙololuwa tsakanin Agusta da Oktoba. Bikin Yuni yana da kyau don wayar da kai, amma ranar da ta fi amfani ita ce wadda ta faɗo cikin damina ko daf da ƙarshenta, ko da hutu ake yi kuma sai mazauna Yamai kaɗai za a samu. Ta biyu a sa ta cikin sanyin Janairu ko Fabrairu. A kauce wa makon jarrabawa, da yinin azumi, da tsakar ranar Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Mako guda kafin ranar, a bi amfi-amfi a roƙi malami minti biyar a ƙarshen darasi. Saƙon WhatsApp shi kaɗai ba ya tayar da kowa daga tabarma. A faɗi sharuɗɗa ƙarara don kada mutum ya ɓata safiyarsa: shekara 18 zuwa sama, nauyi kilo 50 aƙalla, ba mai juna biyu ba, ba mai shayarwa ba, ba wanda ya tashi daga zazzaɓi kwanan nan ba. Abin da ake ɗiba kamar mililita 450 ne, bai cika ledar ruwa ta rabin lita ba, kuma allura sabuwa ce ga kowa. Ruwan jikin yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin makonni. Shi ya sa ake barin wata huɗu tsakanin bayarwa ga mace, wata uku ga namiji.

Ku sa rai za a mayar da mata da dama bayan gwajin ɗigon jini na yatsa, saboda ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin ƴan mata masu al'ada, musamman masu wuni da shayi da burodi. Ba abin kunya ba ne, kuma kada a bar wadda aka mayar ta fita a sanyaye; a ba ta aikin rajista ko rabon ruwa, a gaya mata ta riƙa cin wake, hanta da zogale, ta raba shan shayi da lokacin cin abinci tunda yana rage shigar sinadarin ƙarfe a jiki. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa dole a gayyaci maza. Ƙungiyar ta mata ce, jinin na kowa ne. A rubuta sunaye ninkin adadin da ake nema, domin tsakanin waɗanda aka mayar da waɗanda barci ya ɗauke, lissafin zai daidaita da kansa.

Ranar aiki a samu ɗaki mai iska ko rumfa mai inuwa sosai, a raba shi uku: wurin jira, lungun da likita zai yi tambayoyi ba mai ji, da wurin hutawa. A sa labule ga gadajen mata, tunda sai an naɗe hannun riga; rashin labulen nan kaɗai na iya korar masu hijabi da yawa ba tare da sun ce uffan ba. Ruwa a tanadi leda biyu ga kowane mutum, ɗaya kafin, ɗaya bayan. Jiri da faɗuwa kusan kullum daga abu uku suke zuwa: ciki wayam, zafi, da saurin miƙewa. Don haka mai rajista ta tambayi kowa ko ya karya, a ajiye burodi ga wanda bai ci ba, kuma kowa ya zauna minti 10 zuwa 15 bayan an gama. Wanda ya ji jiri a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a kira ma'aikaci. Kada a bar kowa ya hau babur nan take ya nufi gadar Kennedy.

Ana gwada kowace ledar jini don sida, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Sakamakon tsakanin cibiya ne da mai jini. Kada ƙungiya ta yarda ta karɓo wa kowa, ko da shi ya roƙa, domin magana ɗaya ta fita a gidan kwanan ɗalibai ba wanda zai sake miƙa hannu. Hoto ma sai da izinin mai fuskar.

Kafin a watse, magatakarda ta rubuta mutum nawa suka zo, nawa aka mayar, leda nawa aka samu, nawa aka kashe, tare da lambobin waɗanda suka yarda a sake kiransu. Digirin farko shekara uku ne, shugabannin yau gobe sun tafi, saboda haka kowace mai muƙami ta ɗauki mataimakiya daga ajin farko, littafin kuma ya zauna cikin akwatin nan mai kwaɗo uku.