Yadda ake haɗa girkin Kirsimeti na gida tun daga kaza mai rai

A yawancin gidajen Kirista na Jos, Kafanchan, Zonkwa da Wusasa, abincin ranar 25 ga Disamba shi ne shinkafa dafa-duka da soyayyiyar kaza, sai cincin da zoɓo na tarbar baƙi. Mai niyyar haɗa komai da hannunta, ba tare da tumatirin gwangwani ko lemon kwalba ba, ya kamata ta san cewa wannan aikin kwana uku ne, kuma wadda ta tara shi duka zuwa safiyar bikin ba za ta sami zuwa sujada ba. Ma'aunin da ke nan na gida ne mai mutum 12 zuwa 15, har da rabon maƙwabta.

Ranar 23 ake cefane: shinkafa mudu 2, kaji 3, tumatir ƙaramin kwando, tattasai, attaruhu, albasa, man gyaɗa kwalba 3, fulawa mudu 1, sukari, bota, ƙwai, madara, zoɓo da kayan ƙamshi. A wannan ranar kuma ake cincin, domin ba ya lalacewa da wuri. A murza bota rabin kofi cikin fulawar har ta yi wara-wara, a zuba sukari gwangwanin madara 2, ɗan gishiri, bekin foda ƙaramin cokali 2 da gogaggiyar gyaɗar ƙamshi, sannan a fasa ƙwai 4, a riƙa zuba madara kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya haɗu da ɗan tauri. A murza, a yayyanka, a soya a wuta matsakaiciya. Sai ya huce sarai za a rufe shi a bokiti, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi.

Ranar jajibere ta kaji ce. A garuruwan da ake zaune a cakuɗe, gidaje da yawa suna kiran maƙwabci Musulmi ya yi yankan, domin kowa ya ci abin da za a aika masa da natsuwa, kuma a ganina al'ada ce da ta cancanci a riƙe. Bayan yanka a tsoma kazar a ruwan zafi na ɗan lokaci, a fige, a babbaka ta sama-sama don ƙananan gashin su ƙone. Wajen fito da kayan ciki a yi hattara da matsarmama, domin idan ta fashe ɗacinta yakan ɓata naman da ta taɓa. A tsaga ƙundu a ɓare fatar cikinsa, a wanke naman da lemon tsami, sannan a ɗora shi da albasa, gishiri, da citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari waɗanda aka daka a turmi. A bar shi ya fara fitar da ruwan jikinsa kafin a ƙara ruwa. Kazar gida takan ci awa guda ko fiye, ta gidan gona kuwa minti 20 zuwa 25 ya ishe ta, amma romon ta gida ya fi ɗanɗano nesa ba kusa ba. A tsame naman a soya, romon kuma a tace a adana, domin shi ne zai ɗauki shinkafar. Idan babu firji, a sake tafasa shi da dare, a kuma tafasa da asuba.

A wannan yammacin a kai kayan miya inji, a dawo a tafasa markaɗen ba mai har ruwansa ya ƙone ya yi kauri. Zoɓo kuma a wanke shi sau biyu saboda ƙasa, a dafa da citta, kanumfari da ɓawon abarba, a tace, a sa sukari, a zuba a randa ko jarka. Sanyin hunturu zai yi sauran aikin.

Da asubar Kirsimeti sai shinkafa. Idan ta gida ce, a rege ta da kyau, domin tsakuwa ɗaya tana iya zubar da mutuncin tukunya guda. A ba ta tafasa ɗaya, a wanke, a tsane a kwando. A babbar tukunya a soya albasa a man da aka soya kaza, a juye markaɗen, a yi ta juyawa. A nan ne girkin yake yin kyau ko ya lalace: sai tsamin tumatirin ya mutu, launinsa ya yi duhu, mai ya taso samansa, abin da kan ɗauki minti 20 ko fiye. Mai gaggawa a wannan gaɓar za ta sami shinkafa mai tsami, kuma babu yawan kayan ƙamshin da zai gyara ta. Daga nan a zuba romo da ɗan dakakkiyar daddawa, a ɗanɗana gishiri ya ɗan zarce yadda ake so, tunda shinkafar za ta shanye. Idan ya tafasa a zuba shinkafar, ruwan ya tsaya daidai kanta kada ya haura. A rufe ruf, a zare itacen a bar garwashi, domin turiri ne ke ƙarasa ta. A juya sau ɗaya kawai da muciya wajen ƙarshe, a watsa yankakkiyar albasa, a sake rufewa minti 5. Ɗan ƙanzon da zai kama a gindin tukunya ba aibi ba ne, shi ke ba ta ƙamshin itace.

Kabeji da karas ana yanka su ne dab da ci. Kafin a zauna, a fara cika kulolin maƙwabta, kowace da tsoka biyu ko uku da ƙullin cincin, a ba yara su kai tun shinkafar tana da zafi.