Yadda za ka saita sifika ka ji sauti yana fitowa daga sama

Kafin ka kashe kuɗi a kan sabbin sifiku wai don ka ji ruwan sama ko jirgi a fim yana wucewa ta saman kanka, fara sanin ta inda kunne ke gane sama da ƙasa. Hagu da dama ba wuya, sauti yana riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan. Amma abin da ke sama ko ƙasa a daidai gabanka tare yake isa kunnuwa biyun, to a nan waɗannan loƙo-loƙon na fatar kunne ne ke aikin, suna ɗan rage wasu siraran sautuka, daga kusan 4,000 Hz (ma'aunin sirantar sauti) zuwa sama, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara ta ce wannan daga sama ya zo.

Gwada da kanka. Rufe ido, ka sa wani ya tsaya gabanka yana kaɗa makullai, wani lokaci sama da kai wani lokaci wajen gwiwa, kana nunawa da hannu. Sai ka danne fatar kunnuwanka da yatsu ku sake, za ka ga lissafi ya fara rikice maka.

To tunda siririn sauti ne ke ɗauke da labarin tsayi, tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ita ce abin lura. Zauna inda ka saba zama, ka ɗaga ko ka sauke sifikar har tuwitar ta zo saitin kunnenka, kuma kar labule ko hannun kujera ya tare ta. Ufa kuwa, wato babbar sifikar da ke fitar da bes, ajiye ta ƙasa abinka, kunne bai iya gane daga ina gunjin bes yake fitowa ba. Wani abin ma, tun 1930 wani masani mai suna Carroll Pratt ya nuna mutane suna jin siririn sauti kamar ya fi mai kauri tsayi ko da daga wuri ɗaya suka fito, shi ya sa sarewa kan yi maka kamar tana saman ganga.

In kana da Dolby Atmos, tsarin sautin da ke kewaye mutum har ta sama, wanda ya fito a 2012, lambar ƙarshe a irin lambobin da ake rubuta wa tsarin sifiku kamar 5.1.2 ita ce yawan sifikun sama. Na maƙalawa a silin sun fi, gaskiya. Masu harba sauti sama ya dawo, irin na sandar sauti da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, sai silin ɗinka ya zama shafaffe mai tauri kuma ba mai tsayi can ba, in mai hawa-hawan ado ne ko fanka na juyawa daidai wurin to kuɗinka ne kawai zai tafi.

A iyafis kuma dabara ce ake yi da kwaikwayon kunnen wani, shi ya sa abokinka zai rantse ya ji a sama kai kuma ka ji a tsakiyar kai. Masu iPhone mai Face ID (buɗe waya da fuska) da iyafis irin su AirPods Pro, daga manhajar iOS 16 zuwa sama, za su iya ɗaukar hoton kunnensu da kyamarar gaba a saita musu daidai nasu.