Yadda za ka bar wa jami'arka wani abu a wasiyya ba tare da ka taɓa haƙƙin magada ba

Mu dai Hausawa da an ce wasiyya sai gaba ya faɗi, kamar an kira wa mutum mutuwa, alhali hadisin Ibnu Umar ya nuna bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Kuma in ma an yi, masallaci da rijiya kawai ake tunawa. Suna da lada sosai, amma ɗalibin da ya ajiye karatu a aji uku saboda kuɗin rajista fa? Jami'ar Ƙarawiyyin da ke Fas a Maroko da gadon mace ɗaya aka fara ta, Faɗima al-Fihri, a shekarar 859, Azhar ta Masar ma wakafi ne, wato kadarar da aka keɓe don sadaka mai gudana, ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru. To ABU ko BUK ko Ɗanfodiyo ko Maiduguri da ta yaye ka, ga yadda za ka sa ta a lissafi.

Fara da sanin iyakarka. In mutum ya rasu ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, har ya ce sulusin ma da yawa, ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane. A ce ka bar dukiyar miliyan 30, bashi da hidimar jana'iza sun ci miliyan 3, saura 27, to iyakar duk wasiyyoyinka a haɗe miliyan 9 ne, har da na masallaci da na marayan da ka riƙe. In ka haura sai magada sun yarda. In kuma kana da ƙananan yara ga dukiyar ba yawa, ni dai shawarata kada ka ma kusanci sulusin, kashi ɗaya cikin goma ma abu ne.

Kada ka rubuta adadin kuɗi tsagwaronsa. Kowa ya ga yadda naira ta koma, miliyan 2 ta yau nan da shekara 15 Allah kaɗai ya san me za ta saya. Gara ka ce kashi kaza na abin da ya rage bayan biyan bashi, ko ka ware kadara takamaimai, shago ko gida ko hannun jari. Ni na fi son abin da ke kawo haya, don kuɗi a hannu shekara ɗaya an cinye, amma shago biyu a bakin titi za su yi ta biyan rajistar yara har jikokinka su tsufa.

Nan ne maganar wakafi ke shigowa, wanda a nan muka fi sani da hubusi, ana tsare asalin kadarar ba a sayarwa ba a gado, amfaninta kawai ake ci. Sai dai a kula, a mazhabar Malikiyya in ka yi hubusi kana da lafiya dole ka sake shi ya fita daga hannunka, in ka ci gaba da riƙe shi har ka rasu to ya koma cikin gado. Wanda ka yi da ranka da lafiyarka ka miƙa, ba ruwansa da iyakar sulusi. Wanda ka yi a ciwon ajali ko ka rataya shi da mutuwarka, cikin sulusi yake. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, shi ya sa zama da malamin da ya san ilimin gado ba abin tsallakewa ba ne, a Kano ma akwai Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara su ma suna da irinta.

Sai ka taka ka je jami'ar da ƙafarka tun kana raye. Nemi ofishin rajistara ko sashen da ke kula da tsofaffin ɗalibai da gudummawa, ka tambaye su cikakken sunan da doka ta san jami'ar da shi, da asusun da ake zuba irin wannan kuɗi, da wanda zai riƙa kawo wa iyalinka rahoto duk shekara. Ka faɗi abin da kake so a yi dalla-dalla. "Don ci gaban ilimi" ba magana ba ce, komai ma sai a ce ci gaban ilimi ne. Ka ce kuɗin rajistar 'yan mata masu karatun likita ko ungozoma daga ƙaramar hukuma kaza, ko kyauta ga wanda ya fi kowa a lissafi, ko gyaran famfunan hostel, sannan ka ƙara layi ɗaya cewa in wata rana an rufe wannan kwas a juya kuɗin ga mafi kusa da shi, don kada ya maƙale. Ku yi yarjejeniya a rubuce, kowa ya riƙe kwafi.

Littattafai ma dukiya ne. Na ga laburaren wani malami da gara ta cinye a shago bayan rasuwarsa, 'ya'yan ba mugunta suka yi ba, ba su san inda za su kai ba ne, har yau abin na ci mini rai. In kana da tsofaffin rubuce-rubucen ajami ko na Larabci, akwai wurare irin su Arewa House a Kaduna da ke ƙarƙashin ABU, amma ka tambaya tukuna ko za su karɓa, ka yi jerin sunayen littattafan.

Rubutun kansa a ba lauya ya tsara, wanda ya san shari'ar Musulunci da dokar wasiyya ta jiharku. Ka sa hannu a gaban shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo a ciki, ka naɗa wasiyyi mai amana, wato wanda zai zartar da wasiyyar bayan ranka, biyu ma sun fi, kuma wanda bai kai ka shekaru ba. A ajiye kwafi a rajistar wasiyya ta babbar kotun jiha. In fili ne ko gida ka gyara takardunsa yanzu, don dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa sauya mai shi na buƙatar amincewar gwamna, kuma ba jami'ar da za ta so gadar rigimar fili. Sunan "next of kin", wato makusancinka, da ka cike a banki ko fansho kuwa ba wasiyya ba ne, kada ka dogara da shi.

Sannan ka tara iyalinka ka faɗa musu da bakinka, uwargida da amarya da manyan 'ya'ya, har ƙannenka in da hali. Yawancin shari'ar da ake yi a kan wasiyya daga ba-zata take tasowa, ranar sadakar uku a ji wai Baba ya ba makaranta shago. In daga bakinka suka ji, suka san dalili, su da kansu za su bi sawu. Kuma tunda wasiyya ana iya canza ta muddin kana raye, duk sanda aka yi haihuwa ko ka sayar da wata kadara ko wasiyyinka ya riga ka, ka koma wurin lauyan a sabunta, a sa sabon kwanan wata, a rubuta cewa ta soke ta baya.