Kurakuran da aka fi yi wajen sa kwamfuta rubutun fasaha

Da yawa daga masu sa kwamfuta ta haɗa musu waƙa ko labari suna zaton harkar ta fara ne a ƙarshen 2022, da fitowar ChatGPT. Wannan zato kan sa mutum ya ɓata lokacinsa yana ƙirƙiro abin da aka gama yi tun kafin a haife shi. A 1952 Christopher Strachey ya sa kwamfutar Jami'ar Manchester tana harhaɗa wasiƙun soyayya daga jerin kalmomi. A 1959 Theo Lutz ya yi makamancin haka a Stuttgart ta Jamus da na'urar Zuse Z22. Kafin su duka, a 1920, Tristan Tzara na ƙungiyar Dada, wato masu fasahar da suka bijire wa ƙa'idojin da aka saba, ya ba da tsarin yin waƙa da almakashi: ka yayyanka labarin jarida kalma-kalma, ka zuba a jaka, ka girgiza, ka riƙa zarowa kana jerawa. Wanda ya karanta tarihin nan zai san inda aka tsaya, sai ya ɗora daga nan.

Kuskuren da ya fi kashe aiki shi ne ɗauka cewa zaɓen kan mai uwa da wabi shi kaɗai ya isa fasaha. Sai mutum ya juye wa manhaja ƙamus guda, ta fito da shirme, ya ce ai haka salon yake. Waɗancan mutanen ba haka suka yi ba. Lutz sunaye 16 da sifofi 16 kawai ya tsamo daga rubutun marubuci Franz Kafka, shi ya sa duk jimlar da ta fito take ɗauke da yanayi guda. Raymond Queneau a 1961 ya rubuta waƙoƙi 10 masu layi 14 kowace, aka tsattsaga shafukan ta yadda kowane layi zai iya maye gurbin takwaransa, abin da ke ba da waƙoƙi tiriliyan 100. Wahalar tana wurin daidaita amsa-amo da nahawu don kowane haɗi ya zauna daram. Gyaran ke nan: ka taƙaita rumbun kalmominka, ka rubuta ƙa'idarka kafin ka taɓa kwamfuta. In da Hausa kake aiki, ka ware sunaye maza daban, mata daban, jam'i daban, kowane rukuni da wakilin sunansa. In ba haka ba za ka ga "rana ya faɗi" da "dare ta yi", kuma mai karatu ba zai kira wannan salo ba, zai ce ba ka iya ba ne.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ɓangaren. Manyan manhajojin yanzu an gina su ne a kan hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, don haka rubutunsu sumul yake fita, ba gargada, ba kuma abin tunawa. In ka ce "rubuta min waƙar kaɗaici", abin da kowa ya saba ji za ka samu. Ka ɗaure manhajar da sharaɗi, irin na ƙungiyar marubuta ta Oulipo da aka kafa a Faransa a 1960. Ɗaya daga dabarunsu shi ne musanya kowane suna da suna na bakwai da ke bayansa a ƙamus. Georges Perec kuwa ya rubuta littafi sukutum a 1969 ba tare da harafin "e" ba.

Ɓoye hannun mutum ma ya zama ruwan dare. Shafin Horse_ebooks na Twitter ya tara mabiya masu ganin na'ura ce ke zubo guntayen jimlolinsa, sai a 2013 ta bayyana cewa mutum ne ya daɗe yana rubuta su. Zaɓe da gyara ba abin kunya ba ne, su ne ma rabin aikin. Ka faɗa wa mai karatu daga ina kalmomin suka fito da abin da ka taɓa da hannunka. A NaNoGenMo, wato shirin shekara-shekara na sa kwamfuta ta rubuta littafi, wanda Darius Kazemi ya fara a 2013, ana buƙatar a nuna littafin mai kalmomi 50,000 tare da manhajar da ta haife shi.

Masu sharhi su ma suna da nasu kuskuren: duk hoton barkwancin intanet da ba shi da kai ba shi da gindi sai su ce Dada ce. Akwai dangantaka, tunda Marcel Duchamp ya zana wa hoton Mona Lisa gashin baki tun 1919, kuma ɗaukar abin da kowa ya sani a karkatar da shi ita ce sana'ar barkwancin yau. Amma Dada ta taso ne a Zurich a 1916 cikin fushi da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin ka haɗa su, ka nuna abin da shi wannan hoton yake tsokana.

Sai batun ajiya. Da Twitter ya taƙaita hanyar da manhajoji ke aika saƙo kyauta a 2023, shafukan waƙa masu sarrafa kansu da dama sun yi shiru. Ka riƙe manhajarka da jerin kalmominka da abin da ta fitar a wurin da kai ke da iko da shi.